Wa ke ƙirga ƙuri'ar gyaran kundin tsarin mulki, wa kuma ke tabbatar da ita?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, a nan na yanki katin zaɓe, a nan kuma nake jefa ƙuri'a. Kwanakin nan muna ta jin batun gyaran kundin tsarin mulki a rediyo, ana maganar 'yan sandan jihohi da sababbin jihohi da kujerun mata. Wani maƙwabcina mutumin Maraɗi ya ce su a Nijar idan za a taɓa tsarin mulki jama'a ake kira su jefa ƙuri'ar eh ko a'a, sai gardama ta sarƙe a majalisarmu ta bayan Isha'i. Don Allah a warware mana. Shin INEC za ta kira mu mu yi layi? Idan ba mu ba ne, su wa ke jefa ƙuri'ar, wa ke ƙirgawa, wa ke sa hannu cewa an samu rinjaye? Kuma ta yaya talaka zai san ba a yi aringizo ba?" Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abubuwa uku ka tambaya a dunƙule: ko masu katin zaɓe suna da ƙuri'a a gyaran tsarin mulki, da yadda ake ƙirga ƙuri'ar waɗanda ke da ita, da kuma wanda alhakin tabbatar da sakamakon ya rataya a wuyansa. Amsar ta farko ba ta da tsawo. A ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 1999, INEC ba za ta kira ka ka yi layi don gyaran wani sashe ba. Wakilanka ne ke jefa ƙuri'ar, na Majalisar Tarayya a Abuja da na Majalisar Dokokin Legas a Alausa, a zauren majalisa ake ƙirga ta, kuma takardun akawun majalisa ne ke zama shaida. Sauran biyun su ne ke buƙatar natsuwa, domin a nan ne ake yawan ruɗewa, har a tsakanin waɗanda suka yi karatun lauya.

Maƙwabcinka yana da hujja, domin an yi haka a ƙasarsa. Mutanen Nijar sun fita ƙuri'ar raba gardama a ranar 4 ga Agusta 2009, lokacin tazarcen Tandja Mamadou, sun kuma sake fita a ranar 31 ga Oktoba 2010 don amincewa da sabon tsarin mulki. A Gana ma akwai sassan da ba a taɓa su sai an kira jama'a, kuma sai kashi 40 cikin 100 na masu rajista sun fito, sannan kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'ar sun ce eh. Mu namu ba haka aka gina shi ba. Shi kansa kundin 1999 dokar soja ce mai lamba 24 ta kafa shi a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu 1999 ba tare da an tambayi kowa a akwatin zaɓe ba, kuma hanyar gyaransa da ya shimfiɗa a sashe na 9 ta 'yan majalisa ce zalla.

Lissafin da sashe na 9 ya gindaya

Sharaɗin farko shi ne a samu goyon bayan biyu bisa uku na dukkan mambobin Majalisar Dattawa, da biyu bisa uku na dukkan mambobin Majalisar Wakilai, kowace majalisa da ƙirgenta. Sharaɗi na biyu shi ne majalisun dokoki na aƙalla biyu bisa uku na jihohi su zartar da ƙudurin amincewa. Sanatoci 109 ne, wato uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, saboda haka ana neman 73. 'Yan Majalisar Wakilai 360 ne, ana neman 240. Jihohi 36 ne, ana neman 24, kuma Abuja ba ta cikin wannan ƙirgen domin ba ta da majalisar dokoki tata.

Akwai wurare uku da aka ƙara tsaurarawa: sashe na 8 mai magana kan ƙirƙirar jihohi da ƙananan hukumomi, da shi kansa sashe na 9, da Babi na 4 mai ɗauke da haƙƙoƙin ɗan Adam. Duk mai son taɓa ɗaya daga cikinsu sai ya samu huɗu bisa biyar a Abuja, wato sanatoci 88 da wakilai 288, jihohin kuma suna nan a 24.

Abin da ya kamata ku riƙe a majalisarku shi ne cewa ba a kan waɗanda suka halarci zama ake yin lissafin ba. Ƙaramin sashe na 4 na sashe na 9 ya ce ko da akwai kujerun da ba kowa a kansu, za a ɗauka majalisar cike take. Idan sanata ya rasu, ko kotu ta soke zaɓensa, ko an naɗa shi minista ba a cike gurbinsa ba, 109 ɗin tana nan, 73 ɗin ma tana nan. Ɗauki misali: sanatoci 70 sun zo, dukkansu sun ce eh, babu ko mutum ɗaya da ya ce a'a. A idon mai kallo wannan gagarumin rinjaye ne, amma a idon doka ƙudurin ya faɗi. Ma'ana, wanda ya yi tafiya, da wanda ya fita waje amsa waya, da wanda ya zauna ya naɗe hannu, tasirinsu ɗaya ne da na wanda ya fito fili ya ƙi. Wannan ya sa ɗan majalisar da ba ya son gyara, amma yake jin nauyin mutanen mazaɓarsa, yakan zaɓi ya ɓace ranar ƙuri'a, daga baya ya dawo gida ya rantse bai taɓa jefa ƙuri'ar ƙi ba. Rantsuwarsa daidai ce, sai dai ya riga ya kashe ƙudurin.

Dattawan cikinku za su tuna rigimar sha biyu da biyu bisa uku ta zaɓen shugaban ƙasa na 1979, lokacin da jihohi suke 19, aka je har Kotun Ƙoli tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Alhaji Shehu Shagari kan yadda za a lissafa biyu bisa uku na 19, ƙuri'un Jihar Kano suka zama abin tsagawa. Tun da jihohi suka zama 36 a 1996 wannan ciwon kai ya kau, domin 24 ta fita cif. A Majalisar Dattawa ne kawai ake samun ɓurɓushi, tunda biyu bisa uku na 109 ya haura 72 bai kai 73 ba, kuma da yake doka ta ce kada a gaza biyu bisa uku, sama ake hawa.

Yadda ake jefa ƙuri'ar a zauren Abuja

A zaman yau da kullum ƙuri'ar murya ake yi. Shugaban zama ya ce masu goyon baya su ce eh, marasa goyon baya su ce a'a, ya saurari ɓangaren da ya fi amo, ya buga guduma. Wannan ya wadatar inda ake neman rinjaye kawai, har ma yana iya kashe ƙudurin gyaran tsarin mulki tun a hanya. Haka aka yi ranar 16 ga Mayu 2006, lokacin da Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudurin da ke ɗauke da tazarcen Obasanjo bayan kwanaki ana muhawara a talabijin. Amma amon murya ba zai iya tabbatar da cewa mutum 73 sun amince ba, domin kunne ba ya ƙirga. Saboda haka ranar zartar da gyara sai an bi hanyar da za ta fitar da lamba.

Hanyar da aka fi bi yanzu ita ce ta na'ura. Kowane mamba yana kujerarsa da maɓallai a gabansa, na eh da na a'a da na ƙauracewa. Akan fara da tantance yawan waɗanda suka yi rajista a na'urar, a yi gwaji, sannan a karanta taken ƙuduri, a ba da ɗan lokaci a danna, alƙaluma su fito a allo, shugaba ya sanar da su, akawuna su rubuta. Idan na'ura ta ƙi aiki, akan koma ga kiran suna ɗaya bayan ɗaya ko takarda mai ɗauke da sunan kowane mamba. Da na'ura Majalisar Dattawa ta yi ƙuri'ar watan Yuli 2017, wadda a cikinta ƙudurin rage wa tarayya iko don ƙara wa jihohi ya faɗi, da ita kuma majalisun biyu suka yi ta ranar 1 ga Maris 2022. Na'ura ta fi murya nesa ba kusa ba, amma ba ta rufe kowace ƙofa. Wani na iya miƙa hannu ya danna wa maƙwabcinsa da ya fita, kuma allon da ake nuna wa jama'a jimla kawai yake nunawa. Maganin wannan shi ne a fitar da jerin sunaye da abin da kowa ya danna, a gwada shi da rajistar halartar ranar. Ni a ganina duk ƙuri'ar gyaran tsarin mulkin da ba a buga sunayenta ba, rabin aiki aka yi.

Wajibi ne kuma majalisun biyu su amince da rubutu iri ɗaya. Idan dattawa suka ba ƙuduri 73 amma wakilai suka tsaya a 239, ya mutu, haka ma idan aka juya. Idan duka sun amince amma lafazin ya bambanta, sai a kafa kwamitin daidaitawa ya fitar da rubutu guda, a mayar wa kowace majalisa. Wannan mataki yana da haɗari, domin idan kwamitin ya sauya wani abu mai nauyi sannan aka karɓi rahotonsa da ƙuri'ar murya, akwai damar wani ya ce rubutun ƙarshe bai taɓa samun lambar da doka ta nema ba.

Wani darasin da majalisa ta koya da wahala shi ne illar cusa komai a buhu ɗaya. A 2006 gyare-gyare sama da 100 ne suka nutse tare da tazarce, cikinsu har da waɗanda ba wanda ke jayayya da su. A 2015 ma ƙuduri ɗaya aka kai wa shugaban ƙasa, da ya ƙi wasu sassa sai duka ya tafi. Daga 2017 aka koma rarraba su, kowane batu da ƙudurinsa da ƙuri'arsa. A zagayen 2022 an jefa ƙuri'a kan ƙudurori 68, guda 44 suka tsallake zuwa jihohi, 35 suka samu jihohi 24, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan 16 a watan Maris 2023. Cikin waɗannan akwai wanda ya ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, kuma a kan wannan ne Jihar Legas ta kafa dokar lantarkinta ta 2024.

Matakin jihohi, inda ido bai cika kaiwa ba

Bayan Abuja ta gama, Akawun Majalisar Tarayya ne ke aika ƙudurorin ga majalisun jihohi 36. Jiha ba ta da ikon sauya ko da waƙafi. Nata shi ne ta ce eh ko a'a kan kowane ƙuduri, ta rubuta matsayarta, kakaki da akawun majalisar su tabbatar da takardar, a mayar Abuja. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, saboda haka Legas da Kano duk yawan jama'arsu nauyinsu ɗaya da na Bayelsa.

Mutane da yawa suna zaton a cikin kowace majalisar jiha ma sai an samu biyu bisa uku. Lafazin sashe na 9 bai ce haka ba. Biyu bisa ukun na yawan jihohi ne, a cikin zauren kuwa ƙuduri kawai aka ambata, kuma sashe na 98 ya ce inda ba a gindaya wani adadi na musamman ba, rinjayen waɗanda suka halarta suka jefa ƙuri'a ya isa. Duba abin da wannan ke nufi a nan gida. Majalisar Dokokin Legas da ke Alausa mambobi 40 gare ta. Sashe na 96 ya ce zama yana halatta da ɗaya bisa uku, wato mutum 14. Mai jagorantar zama ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, saura 13 ke nan, kuma 7 sun rinjayi 6. A bisa lissafi, mutum 7 na iya ɗaure Jihar Legas baki ɗaya kan gyaran tsarin mulki. Ba cewa nake haka ake yi ba, amma doka ta bar wannan ƙofa a buɗe, kuma tunda rinjaye kawai ake nema, babu abin da ya hana a yi ta da murya, takardar da za ta isa Abuja ta ce majalisa ta amince ba tare da lamba ko suna ba.

Wannan mataki shi ne wanda gwamnoni suka fi ƙarfi a kansa, tarihi kuma ya nuna haka ƙarara. A 2010 ƙudurin da zai ba majalisun jihohi su kansu 'yancin riƙe kuɗinsu ya kasa samun amincewar jihohi 24, sai a 2018 aka samu hakan. Ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi ya sha tsallake Abuja ya zo ya maƙale a jihohi, har da zagayen 2022. Sannan kundin bai sa wa jihohi wa'adi ba, shi ya sa shiru ma makami ne. Ƙudurorin da aka aika a Maris 2022 sun kai watan Oktoba jihohi 11 kacal suka amsa, kamar yadda Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ovie Omo-Agege, ya koka, yana zargin ƙungiyar kakakin majalisun jihohi da gindaya sharaɗin sai an saka buƙatunsu, ciki har da 'yan sandan jihohi. Jihar da ta yi shiru, a lissafi, tana layin waɗanda suka ƙi.

Akwai kuma batun ko majalisar ce ma ta zauna da gaske. A shari'ar tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo, inda mambobi 18 cikin 32 suka yi zamansu a wani otal a Ibadan, Kotun Ƙoli ta rushe abin da suka yi. Shari'ar ta tsigewa ce, amma ƙa'idar da ta kafa tana aiki a nan: wurin zama da yawan mahalarta da bin matakai duk kotu na iya bincika su, kuma takarda mai hatimi ba ta halatta zaman da bai halatta ba.

Tabbatarwa da sa hannu

Idan takardun jihohi suka dawo, kwamitin gyaran tsarin mulki, wanda bisa al'ada mataimakin shugaban kowace majalisa ke jagoranta, yakan jera kowane ƙuduri da jihohin da suka amince da shi, ya gabatar a zaure. Majalisa ta karɓi rahoton, ta umarci Akawun Majalisar Tarayya ya miƙa wa shugaban ƙasa waɗanda suka cika 24. Wannan akawu, wanda ma'aikacin gwamnati ne ba zaɓaɓɓe ba, shi ne amsar tambayarka ta wa ke sa hannu. Dokar tantance dokoki ta ɗora masa fitar da tsaftataccen kwafi, ya shaida da sa hannunsa cewa shi ne ainihin abin da majalisun biyu suka zartar, tare da jadawali mai nuna taken ƙudurin da ranar da kowace majalisa ta amince. Bayan shugaban ƙasa ya rattaba hannu, akan ajiye kwafi a majalisa, da wurin shugaban ƙasa, da Kotun Ƙoli, sannan a buga a jaridar gwamnati. Kada a raina wannan aiki na takarda. A ƙarshen 2001 ƙasar nan ta ɗauki zafi kan zargin an cusa wani sakin layi a Dokar Zaɓe bayan majalisa ta gama da ita, kuma irin wannan ɓarna tsakanin zaure da teburin shugaban ƙasa take faruwa.

Ko ana buƙatar sa hannun shugaban ƙasa kuwa, tsohuwar gardama ce, domin sashe na 9 bai ambace shi ba. A 2010 majalisa ta ɗauka da zarar jihohi sun amince magana ta ƙare. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a nan Legas, kotun kuma ta yanke a watan Nuwamba na shekarar cewa tunda ta hanyar dokar majalisa ake gyaran, sashe na 58 mai magana kan yadda ƙuduri ke zama doka ya hau kansa, sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairu 2011, tun daga nan kuma haka ake yi. Har yanzu akwai manyan lauyoyin da ke ganin bai dace mutum ɗaya ya tare abin da sanatoci 73 da wakilai 240 da jihohi 24 suka amince da shi ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Sashe na 58 ya ba shugaban ƙasa kwana 30, idan ya ƙi kuma majalisa na iya sake zartarwa da biyu bisa uku ta tsallake shi.

Abin da ya faru a 2015 shi ya fi dacewa da tambayarka ta aringizo. Majalisa ta so ta gyara sashe na 9 don cire hannun shugaban ƙasa daga gyaran tsarin mulki, ta kuma ƙara sababbin haƙƙoƙi a Babi na 4, waɗanda duka huɗu bisa biyar suke nema. Jonathan ya mayar da ƙudurin a watan Afrilu, kuma cikin dalilansa akwai cewa bai ga shaida a rubutattun bayanan zaman majalisa da ke nuna an cika wannan adadi ba. Antoni Janar Mohammed Bello Adoke ya garzaya Kotun Ƙoli, kotu ta ce kowa ya tsaya inda yake, aka koma sulhu, wa'adin gwamnati ya ƙare gyaran bai zama doka ba. Aikin shekaru da kuɗin da aka kashe wajen zagaya ƙasa jin ra'ayin jama'a duk suka tafi, kuma ɗaya daga cikin igiyoyin da suka shaƙe shi ita ce rashin lamba a takarda.

Na ga ƙaramin misalin wannan a aikina. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa a nan Legas ta gyara kundinta don ƙara wa shugabanninta wa'adi. An yi taro a harabar wata makaranta ranar Lahadi, aka ɗaga hannu, aka yi kabbara, aka watse. Da ɓangaren da bai yarda ba ya kawo mini maganar, abu biyu na nema, rajistar mambobi da littafin sakatare. Kundinsu ya ce biyu bisa uku na mambobi, waɗanda suka sa hannu a takardar halarta ba su kai rabin rajista ba, sakatare kuma abin da ya rubuta kawai shi ne an amince da gagarumin rinjaye, babu adadin masu eh, babu na masu a'a. Ba sai an je kotu ba, dattawan ƙungiyar da kansu suka ga gyaran ba shi da ƙafar tsayawa, aka sake kiran taro aka ƙirga layi-layi.

Inda jama'a ke da ƙuri'a

Tunda ka ambaci sababbin jihohi, a nan, da wajen ƙirƙirar ƙananan hukumomi, katinka zai iya amfani. Sashe na 8 ya ce kafin a ƙirƙiri jiha, sai buƙatar ta samu goyon bayan biyu bisa uku na wakilan yankin a Majalisar Tarayya da majalisar jiha da ƙananan hukumomi, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama a yankin da ke nema a samu biyu bisa uku, sannan sakamakon ya samu amincewar rinjayen jihohi, a ƙarshe kowace majalisa a Abuja ta amince da biyu bisa uku. Mutanen yankin ne kawai ke jefawa, ba ƙasa duka ba. Tsananin waɗannan sharuɗɗa ya sa tun 1999 ba a ƙirƙiri jiha ko ɗaya ba. A tarihinmu ma yankin Tsakiyar Yamma na 1963 ne kaɗai farar hula suka ƙirƙira ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, sauran duk sojoji ne suka yanka su.

Ku mutanen Legas kun ga yadda rabin wannan hanya take. Gwamnatin Bola Tinubu, lokacin yana gwamnan Legas, ta ƙirƙiri ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da kundin ya lissafa, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je Kotun Ƙoli. A Disamba 2004 kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su kammalu ba sai Majalisar Tarayya ta yi dokar da za ta shigar da sunayensu cikin kundin. Ba ta yi ba har yau, shi ya sa Orile Agege da ire-irenta suke matsayin yankunan raya ƙasa.

Sauraron ra'ayin jama'a da kwamitoci ke zuwa yi a Legas da sauran shiyyoyi shawara ce kawai. Ko a watan Nuwamba 2012, da Majalisar Wakilai ta tara jama'a a mazaɓu 360 aka amsa tambayoyi da eh ko a'a aka tattara sakamako, babu ɗan majalisar da doka ta tilasta wa bin abin da mutanensa suka ce.

Abin da za ku iya bi da kanku

A wannan harka kuna da mutum huɗu: sanatan Legas ta Yamma, da ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Agege, da mambobi biyu na Agege a Alausa. Tambayar da ta dace da kowannensu ba ita ce ko yana goyon baya ba, a'a, ita ce ko yana zaure ranar ƙuri'ar, kuma me ya danna. Takardun da ke amsa wannan su ne bayanin ƙuri'u da ayyukan zama da kowace majalisa ke amincewa da shi a zama na gaba, da cikakken rahoton muhawara, da jerin da na'ura ta fitar, da kwafin ƙudurin da Alausa ta aika Abuja. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa Akawun Majalisar Tarayya ya nemi irin waɗannan, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Wasiƙar da ta fito da sunan ƙungiyar kasuwa ko ta unguwa, da hatimi da sa hannun shugabanni, ta fi ta mutum ɗaya saurin samun kulawa. Idan kun samu, ku gwada abu uku: lambar da aka sanar, ku gwada ta da 73 ko 240, ko 88 da 288 idan gyaran ya taɓa sassan nan uku, yawan ƙuri'un da yawan waɗanda suka sa hannu a rajistar halarta, da lafazin da aka jefa wa ƙuri'a da wanda aka buga a jaridar gwamnati.

Sai dai in yi maka iyaka, Alhaji. Ni lauya ne mai karanta kundi da hukunce-hukuncen kotu, kuma kowace majalisa tana da littafin ƙa'idojin zamanta da take sabuntawa, saboda haka ƙananan matakan cikin zaure na iya bambanta daga Alausa zuwa wata jiha. Haka nan gano kuskure a ƙirge daban, samun kotu ta saurare ka daban. Sashe na 4 ya sa ikon majalisa a ƙarƙashin binciken kotu, amma alƙali zai fara tambayar abin da ya shafe ka kai tsaye kafin ya duba hujjarka, kuma ƙararraki da dama a wannan tambayar suke tsayawa. Idan har ta kai ku ga shigar da ƙara, ku je wa lauya da takardun a hannu, kuma ku yi hakan tun ƙudurin yana tsakanin jihohi da teburin shugaban ƙasa, domin bayan an buga shi a jaridar gwamnati kotu takan ɗauka an bi ƙa'ida, nauyin tabbatar da akasin haka kuma ya koma kanku.